Sabis ɗin neman takardun haihuwa na Ailan: mun gwada ni da maƙwabciyata, tauraro uku na ba su

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan abin, kullum sai in ce bari zuciyata ta huce tukuna kar in zo in yi rubutu cikin fushi in zalunci mutanen da suka yi mana kirki. To yanzu dai ta ɗan huce. Magana ce kan sabis ɗin da gwamnatin Ailan ta buɗe a 2022 domin mutanen da aka haifa a gidajen uwa da jariri, wato gidajen da a da ake kai matan da suka yi ciki ba aure su haihu, ko aka ba da su riƙo, ko aka yi musu rajistar haihuwa ta ƙarya, su nemi takardunsu su san ko su waye. Ba ni na nema wa kaina ba, maƙwabciyata ce, wata dattijuwa da nake kira Mama, ita kuma ta ce min 'yata. Ni ce mai kwamfuta da firinta, ita ce mai labarin, kuma da izininta nake wannan rubutu, sharaɗinta ɗaya kar in kira sunanta ko sunan gidan da aka haife ta.

Yadda abin ya faro, wata rana na shiga gyara mata rimot ɗin talabijin, ina neman batir a durowa sai na ci karo da wani ɗan littafi da gwamnati ta raba gida-gida lokacin da dokar ta fito. Duk ya lanƙwashe, alamar an buɗe an rufe ya fi a ƙirga. Na ce Mama wannan fa? Ta yi shiru ta yi shiru, can ta ce "'yata, ni fa ban san sunan da uwata ta raɗa min ba." Mace ta haura sittin, da 'ya'ya da jikoki, wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Bari in fara da abin da ya yi kyau, don akwai shi. Na farko kyauta ne, ko sisi ba mu biya ba. Na biyu fom ɗin ba shi da wahala, akwai shafi birthinfo.ie, a nan za ka ga komai, kana iya cikewa ta intanet ko ka sauke ka cike da biro ka aika ta gidan waya, sai kwafin katin shaida mai hoto, mu fasfo ɗinta muka yi wa sikan. Hukumomi biyu ne doka ta ɗora wa aikin, Tusla wato hukumar kula da yara da iyali, da kuma hukumar da ke kula da riƙon yara ta ƙasa. A fom ɗin za a tambaye ka me kake so: satifiket ɗin haihuwa na asali, bayanan haihuwa, bayanan farkon rayuwa, wa ya kula da kai kuma a ina, bayanan lafiya, har da wani kaya ko wasiƙa ko hoto in uwa ta bari a ajiye maka. Shawarata ka yi wa duka alama, kar ka ce ai wannan ba zan buƙata ba, don ba ka san a wane kwali abin da kake nema yake ba. Daga shekara 16 mutum zai iya neman bayanansa, neman a haɗa ka da dangi kuma sai ka kai 18. Sannan akwai wata rajista daban inda uwa ko ɗa ko ɗan'uwa zai rubuta ko yana so a neme shi, ko ba ya so, ko kuma ba ya son haɗuwa amma zai iya ba da bayani kamar na ciwon gado.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce to meye abin yabo a ba mutum satifiket ɗin haihuwarsa? Ai a nan take. A Ingila tun dokar 1975 wanda aka riƙa yake da ikon karɓar nasa, a Sikotilan ma tun 1930. A Ailan kuwa an yi dokar riƙon yara a 1952, amma sai 30 ga Yuni 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ce kai tsaye wannan haƙƙinka ne, sabis ɗin kansa ya buɗe 3 ga Oktoba na shekarar. Shekara saba'in kenan. A tsakani kullum hujjar ɗaya ce, wai sirrin uwa, musamman bayan wani hukuncin kotun ƙoli na 1998 da ya ce dole a auna haƙƙin ɗa na sanin asalinsa da haƙƙin uwa na a rufa mata asiri. Sai ma'aikata suka riƙe wannan gam, mutum ya zo yana kuka fayil ɗinsa na kan tebur a gabansa amma a ce ba za a nuna masa ba. Abin haushin, da yawa daga cikin iyayen nan ba wanda ya taɓa tambayarsu ko suna son sirrin, an dai yi amfani da sunansu ne aka kulle ƙofa.

Kuma fa wannan doka ba daga sama ta faɗo ba, ba wai wani ya tashi da safe tausayi ya kama shi ba ne, sai da aka kai ruwa rana. Mama ce ma ta riƙa ba ni labarin muna jiran amsa, don ita duk abin nan a gaban talabijin ta bi shi tana shiru ba wanda ya san da ita ake. Wata mata mai binciken tarihi a garin Tuam, Catherine Corless, ita ta bi ta tattaro takardun mutuwar yara 796 da suka rasu a gidan da sistocin Bon Secours, wata ƙungiyar mata ta cocin Katolika, suka gudanar daga 1925 zuwa 1961, ta ce to ina kaburburansu? Daga nan a 2015 aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Yvonne Murphy, ya duba gidaje 18 daga 1922 zuwa 1998. A 2017 kwamitin ya tabbatar akwai gawarwakin yara masu yawa a ƙarƙashin ƙasa a wurin. Rahoton ƙarshe da ya fito 12 ga Janairu 2021 ya ce mata wajen 56,000 da yara wajen 57,000 suka bi ta gidajen, yara kusan 9,000 suka mutu a ciki. Washegari firaminista Micheál Martin ya tashi a majalisa ya nemi gafara.

Amma rigimar da ta fi shafar wannan sabis ɗin ita ce ta Oktoba 2020, kafin rahoton ya fito. Kwamitin na dab da gama aiki, sai gwamnati ta kawo wani ƙuduri cikin gaggawa. Ministan yara na lokacin, Roderic O'Gorman, ya ce manufar ita ce a ceci rumbun bayanan da kwamitin ya haɗa kar a lalata shi, a miƙa wa Tusla. 'Yan adawa da waɗanda abin ya shafa da lauyoyinsu suka ce to sauran takardun fa? Don wata doka ta 2004 ta ce takardun irin wannan kwamiti a kulle su shekara 30. Mutum mai shekara saba'in ka ce masa ya dawo bayan shekara talatin, ai ka gama gaya masa magana. An kawo gyare-gyare gwamnati ta ƙi karɓar na 'yan adawa, ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 78 da 67, shugaban ƙasa na lokacin Michael D. Higgins ya sa hannu 25 ga Oktoba. Ƙasa ta ɗau zafi, mutane suka yi ta sa hannu a takardar koke, 'yan majalisa suka sha saƙonni, hukumar kare bayanai ma ta sa baki. Kwana uku kacal gwamnati ta fito ta ce ai babban lauyanta ya ce dokar GDPR, wato dokar kare bayanan mutum ta Tarayyar Turai, tana aiki kan rumbun, kowa na iya neman bayanan kansa. Mama ta ce ranar ta yi dariya ita kaɗai a falo, ta ce ashe dama mabuɗin na aljihunsu.

Ba a gama da wannan ba sai ga wata, aka ji an goge rikodin muryoyin mutum 550 da suka je suka ba kwamitin shaida a asirce. Aka sake yin ca, sai a Fabrairu 2021 aka ce an samo kwafin ajiya. A ƙarshen shekarar kuma gwamnati ta amince a babbar kotu cewa an tauye haƙƙin wasu daga cikin matan, har da Philomena Lee da Mary Harney, don ba a nuna musu daftarin rahoton ba kafin a buga alhali ana iya gane su a ciki. Kafin duk wannan ma a 2019 an taɓa kawo wani ƙuduri da zai kulle takardun binciken makarantun horon yara, wanda ya haifar da rahoton Ryan na 2009, har shekara 75, Allah ya sa majalisa ta rushe a farkon 2020 ƙudurin ya bi ruwa. Na kawo duk wannan ne don ku gane da wace irin zuciya mutum kamar Mama yake cike fom ɗin nan. Ba ta yarda da su ba ko kaɗan, ni ce na yi ta lallashi.

To mu dawo kan sabis. Doka ta ce a ba ka amsa cikin kwana 30, in fayil ɗin mai sarƙaƙiya ne kwana 90. Mu dai mun aika, aka turo imel cewa an karɓa, daga nan shiru kake ji kamar an shuka dusa. Ba zan kira sunan ofishin da namu ya faɗa ba, amma wata ɗaya ya wuce, uku suka wuce, sai wasiƙar ban haƙuri, sai wata wasiƙar ban haƙurin. A lokacin ba mu kaɗai ba ne, dubban mutane suka nema a watannin farko har abin ya fi ƙarfin ma'aikatan, jaridu sun yi ta bugawa. Na gane, aiki ne na tono tsofaffin kwalaye da littattafan rajista da aka rubuta da hannu. Amma wanda ya sa kwana 30 a doka ai ya san adadin mutanen da aka daɗe ana hana wa, ya kamata a ce an ɗebi ma'aikata tun kafin a buɗe ƙofa. Kullum da safe Mama na jin ƙarar murfin akwatin wasiƙa za ta fito da silifas, ta duba ta ga takardar kuɗin wuta ce, ta koma. Wata bakwai muka yi a haka. Nan na cire tauraro ɗaya.

Gaskiya matar da muka riƙa samu a waya mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa yi mana gatsali ba, in ta ce za ta kira ranar kaza to za ta kira ko da ba ta da sabon labari, kuma ita ta tuna mana cewa akwai masu ba da shawara da kwantar da hankali kyauta in Mama na so. Ta kuma ce kar a buɗe ambulan ɗin mutum na shi kaɗai. Wannan shawarar ta fi komai amfani, duk wanda zai nema ya riƙe ta.

Ranar da ambulan ɗin ya iso Mama ta ƙwanƙwasa min tun ban gama shirin fita aiki ba, ambulan a ƙirji ta rungume da hannu biyu. Muka zauna a kicin ɗinta, ta ɗora ruwan shayi, ta goge teburin da ba shi da datti, ta sake gogewa, sannan ta turo min ta ce "'yata ke karanta, ni idona ba zai iya ba." Shafi na farko satifiket ne. Na karanta mata sunan, ta ce sake faɗa, na sake, ta maimaita a hankali kamar mai ɗanɗana abu. Sunan uwar na nan, da shekarunta, yarinya ce ƙarama ko ashirin ba ta kai ba. Wurin sunan uba layi kawai aka ja. Sai kwafin shafin wani babban littafin rajista, rubutun hannu a karkace, ranar shiga, ranar haihuwa, nauyin jaririya, ranar fita. A wani gurbi an rubuta kalmar da in ka juya ta Hausa shegiya take nufi, haka ake rubutawa a hukumance a lokacin, sai 1987 doka ta soke wannan matsayi. Na yi niyyar in tsallake, Mama ta ce "karanta duka, ai na san da ita, a makaranta ma an faɗa min." Ruwan shayin nan har ya ƙone a butar ba wanda ya tashi.

Don haka in tambayar ita ce sabis ɗin yana ba da abin da ya yi alkawari? Eh, suna ya fito, ba a ɓoye ba, kuma ko da uwa ta rubuta ba ta son a neme ta ba za a hana ka takardarka ba, sai dai a yi maka wani zaman bayani, galibi ta waya, a sanar da kai buƙatarta. Mutane da yawa sun tsani wannan zaman, suna ganin kamar ana ɗaukarsu masu laifi da za su je su fasa wa tsohuwa ƙofa, kuma ni ma ina ganin da gaskiyarsu. Mama ba a yi mata ba, don uwarta ta riga mu gidan gaskiya da daɗewa.

Amma fayil ɗin kansa fa, kai. Wasu shafukan kwafin ya yi baƙi ƙirin ba ka iya karanta komai, wani an yanke gefensa daidai wurin kwanan wata, wasu layuka an shafe su da baƙi wai bayanan wani ne daban, ba tare da an ce wane irin wani ba, ɗan'uwa ne ko ma'aikaci ko wa. Babu wani jeri a gaba da zai ce maka ga abin da muka samu, ga inda muka duba, ga inda ba mu duba ba. Tsakanin ranar da ta bar gidan da ranar da aka kammala takardun riƙonta akwai fiye da shekara guda da babu ko layi ɗaya, jaririya ta ɓace a takarda ta sake ɓullowa. Muka rubuta muka nemi a sake dubawa, aka turo kwafi biyu da suka fi fitowa, sauran aka ce iyakar abin da ke hannunsu kenan. Kuma wataƙila gaskiya suka faɗa, don ba duk takardun ne ke hannun gwamnati ba, akwai waɗanda har yau suna wurin ƙungiyoyin coci da wasu masu zaman kansu. A 2024 ma sai da aka yi wata doka da ta haramta lalata takardun gidajen da ke hannun masu zaman kansu, ku duba fa, 2024. Tauraro na biyu kenan ya tafi.

Wani abin da ya kamata mai nema ya sani, wannan ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi. Rumbun kwamitin binciken yana ma'aikatar yara tun da aka rushe kwamitin a ƙarshen Fabrairu 2021, shi ta GDPR ake nema, wasiƙa daban. Iyaye matan da aka tsare a gidajen su ma galibi ta GDPR ɗin suke bi don wannan dokar an gina ta ne kan 'ya'yan. Wanda ya zauna a makarantar horo ko gidan wankin Magdalene, wato gidajen coci da ake tsare mata ana sa su aikin wanki, kuma tasa hanyar daban. An ce za a gina cibiyar ajiye tarihi ta ƙasa a titin Sean McDermott a Dublin, inda gidan wanki na ƙarshe ya rufe a 1996, a tattara komai wuri ɗaya. Kafin nan dai tsoho mai sanda shi zai yi ta yawo daga wannan teburi zuwa wancan, in ba shi da wani yaro mai kwamfuta a kusa to sai dai Allah.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa ba laifin sabis ɗin ba ne kai tsaye, amma takardarsu ce ta kawo shi. A Maris 2024 aka buɗe shirin biyan diyya na waɗanda suka zauna a gidajen, an ware wajen yuro miliyan 800 don mutum kusan 34,000. Sai dai an sa sharaɗi, wanda ya zauna yana jariri sai ya kai kwana 180 a gidan kafin ya cancanta, wanda hakan ya bar mutum wajen 24,000 a waje, an yi ta faɗa a majalisa kan wannan ma amma haka ya wuce. Muka ɗauko shafin rajistar nan da kalanda da biro, muka ƙirga daga ranar haihuwa zuwa ranar fita. Na ƙirga, Mama ta ƙirga, na sake bugawa a waya ko mun yi kuskure. Kwana 163. Wato takardar da ta jira shekara sittin da ɗoriya, ita ta ba ta sunanta kuma ita ta ce mata saura kwana 17 da kin shiga lissafi. Kamar raba jaririya da uwarta a wata biyar ba ciwo ba ne sai a wata shida. Ni na fi ta fushi ma, ina ta sababi, ta ce "'yata bar su, ni ba kuɗinsu na zo nema ba."

Shin zan ce a nema? Ƙwarai, a nema, kuma yau ba gobe ba, don masu amsa tambayoyin suna ta ƙarewa. A ajiye kwafin duk abin da aka aika, a rubuta ranar da aka aika, in wa'adi ya wuce a kira a kuma rubuta imel don ya zama akwai shaida, in shafi bai fito ba a ce a sake, in an shafe wani wuri a tambayi dalili a rubuce. A sa suna a rajistar neman dangi ko da ana ganin kowa ya mutu, mu haka muka ɗauka, sai bayan watanni aka kira aka ce akwai wani da ya sa nasa sunan yana neman 'yar'uwa, ƙanenta ne uwa ɗaya. Ba su haɗu ba tukuna, wasiƙa biyu dai sun shiga tsakani ta hannun ma'aikaciyar, ta uku tana kan teburin kicin ɗin Mama tun makon jiya, ta rubuta ta yage ta rubuta ta yage, wai ta rasa da wane suna za ta sa hannu a ƙasa.